Zaluncin da Bai Taɓa Ka Ba, Ina Ruwanka?

Yau tambaya na kawo maka. Ka karanta a hankali. In ka gama, ka kai ta wurin abokan karatunka ku tattauna.

In ana zaluntar mutum a gabanka, kuma ba danginku ɗaya ba, ba garinku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba, mene ne wajibinka? Ka sa baki, ko ka kama gabanka? In kuwa ka sa baki, a ina ya kamata ka tsaya? Gaban mai abin, ko kusa da shi?

Tambayar tana da wuya. Don haka zan ba ka labarin wani mutum da ya yi shekara 35 yana amsa ta da aikinsa. Sunansa Jack Greenberg, ana faɗin sunan Jak Girinbag. Bayahude ne, farar fata, ɗan ƙasar Amurka. Aikinsa lauya. Lauya shi ne wanda ya karanci doka, yake tsaya wa mutum gaban alƙali, yana magana a madadinsa. Ya rasu ran 12 ga watan Oktoba na shekara ta 2016, yana da shekara 91.

YADDA ƘASAR TAKE A LOKACIN

Sai ka san halin da ake ciki a Amurka a zamanin, sannan ka gane aikin mutumin nan.

Yawancin baƙar fatar Amurka jikokin bayi ne. An kwashi kakanninsu daga Afirka, da yawansu daga yammacinta, aka ƙetare teku da su. A shekara ta 1865 aka hana bauta a ƙasar. A 1868 aka ƙara wani sashe cikin babbar dokar ƙasa, wanda ya ce doka za ta kare kowa daidai wa daida.

Amma jihohin kudu suka ɓullo da wata dabara. Suka kafa dokokin raba mutane. Makarantar baƙar fata dabam, ta farar fata dabam. Haka gidan abinci, da wurin zama a jirgin ƙasa, da famfon shan ruwa, har maƙabarta. A 1896 magana ta kai Kotun Ƙoli, wato babbar kotun da babu wata sama da ita. Kotun ta ce rabawar ba laifi ba ce, muddin an ba kowane ɓangare abu daidai. Wannan daidai ɗin a takarda ya tsaya. A zahiri, sabon gini da littattafai na ƴaƴan farar fata ne. Ƴaƴan baƙar fata sai abin da ya rage.

Har karatu ma an mai da shi makami. In baƙar fata ya zo a rubuta sunansa don jefa ƙuri'a, sai a miƙa masa wani sashe mai wuya na doka. A ce ya karanta, ya bayyana ma'anarsa. Mai rubuta sunayen shi ne mai cewa an ci ko an faɗi. Ko malamin makaranta ne ya zo, ana iya cewa ya faɗi. Ka ga karatun da kake nema don ya buɗe maka ƙofa, can an yi sakata da shi.

YADDA YA SHIGA AIKIN

An haifi Greenberg ran 22 ga watan Disamba na 1924 a birnin Niyok, a arewacin ƙasar. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Dokokin rabawar nan ba su hana shi komi ba. Fatarsa fara ce, kuma gidansu yana nesa da kudu.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga sojan ruwa. Yana cikin waɗanda suka yi yaƙi da Japan a tsibiran Iwo Jima da Okinawa a 1945. A cikin jiragen ya ga yadda ake yi wa baƙar fata. Yawancinsu dafa abinci da dako da hidimar hafsoshi ne aikinsu. Wata rana ya ɗaga murya ga wani babbansa saboda wani sojan baƙar fata da ya ga an zalunta. Har aka yi masa barazanar kai shi kotun soja.

Bayan yaƙi ya karanci doka a Jami'ar Columbia, ya gama a 1948. Wanda ya fito daga babbar jami'a irin wannan yana iya neman aiki wurin manyan kamfanoni, inda kuɗi suke. Shi kuwa a 1949 sai ya shiga wani ƙaramin ofishin lauyoyi mai suna LDF, wanda ke kare haƙƙin baƙar fata a kotu. Shugaban ofishin baƙar fata ne, sunansa Thurgood Marshall. Greenberg yana da shekara 24. Ya zauna ƙarƙashin Marshall shekara 12 yana koyon aiki.

SHARI'AR DA SUKA RASA

Kada ka zaci kullum nasara suke yi. A 1949, a garin Groveland na jihar Filorida, aka zargi samari huɗu baƙar fata da yi wa wata farar mace fyaɗe. Ɗaya daga cikinsu, taron masu bindiga suka bi shi daji suka kashe shi tun ba a kai kotu ba. Biyu aka yanke musu hukuncin kisa. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce a sake shari'a. A watan Nuwamba na 1951 shugaban ƴan sandan yankin ya ɗauko su biyun a mota, hannuwansu a ɗaure. A kan hanya ya harbe su, ya ce wai gudu za su yi. Ɗaya ya mutu. Ɗayan, Walter Irvin, ya rayu.

A 1952 Marshall da Greenberg suna cikin lauyoyin da suka tsaya wa Irvin. Mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci duk farar fata ne. Suka sake yanke masa hukuncin kisa. Daga baya aka sassauta, amma sai 1968 ya fito daga gidan kaso. Ba a wanke mutanen nan huɗu a kotu ba sai a watan Nuwamba na 2021. A lokacin duk sun mutu. Marshall ya mutu, Greenberg ma ya mutu.

WASIƘAR WATA MATA

A wani ƙauye mai suna Hockessin, cikin jihar Delaware, akwai wata mata baƙar fata, Sarah Bulah. Kullum da safe motar makaranta tana wucewa ta ƙofar gidanta, cike da ƴaƴan farar fata. Ba ta tsayawa ta ɗauki ɗiyarta Shirley. Ita uwar ce take kai yarinyar wata ƙaramar makaranta ta baƙar fata, tafiyar wajen kilomita 3.

Matar nan ta ɗauki alƙalami. Ta rubuta wa hukumar ilimi, ta rubuta wa gwamnan jiha. Mota kawai ta roƙa. Aka ƙi. Sai ta je wurin Louis Redding, lauya baƙar fata na farko a jihar. Redding ya nuna mata cewa motar reshe ce, tushen ciwon shi ne raba makarantun. Ta yarda. Redding da Greenberg suka kai ƙara tare.

Alƙalin, Collins Seitz, ya tafi da ƙafarsa ya duba makarantun biyu. Ya ga babu daidai a tsakaninsu. A 1952 ya ce a karɓi yaran a makarantar farar fata. Hukumar jiha ta ɗaukaka ƙara. Aka haɗa shari'ar da wasu huɗu irinta a Kotun Ƙoli. A watan Disamba na 1952 Greenberg ya tsaya gaban manyan alƙalai 9 ya yi magana, yana da shekara 27.

Ran 17 ga watan Mayu na 1954 alƙalan 9 suka yi baki ɗaya. Suka ce raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa babbar dokar ƙasa. Wannan ita ce ake kira shari'ar Brown.

Yanke hukunci dabam, bin sa dabam. Jihohin kudu suka yi ta jan ƙafa. Wani yanki na jihar Virginia ya gwammace ya rufe makarantun gwamnati duka, daga 1959 har 1964. Shekara 10 bayan hukuncin, yaran baƙar fata na kudu da ke aji ɗaya da farar fata ba su kai 2 cikin 100 ba. A 1969 Greenberg ya koma Kotun Ƙoli a kan makarantun jihar Misisipi. Kotun ta ce jira ya ƙare, a haɗa makarantu nan take.

TAKARDAR DA AKA YI SHINGE DA ITA

A 1961 aka naɗa Marshall alƙali. Daga baya, a 1967, ya zama baƙar fata na farko cikin alƙalan Kotun Ƙoli. Da zai bar ofis, Greenberg ya zaɓa ya gaje shi. A zamaninsa ofishin ya tsaya wa Martin Luther King lokacin da aka kulle shi a birnin Birmingham a 1963. Ya kuma tsaya wa dubban mutane da aka kama don sun fito neman haƙƙinsu.

Ga wata shari'a da ta shafi masu aikin ƙarfi. Wani kamfanin wutar lantarki mai suna Duke Power ya daɗe yana ajiye baƙar fata a sashe guda, na aikin lebura. Albashi mafi girma a sashen bai kai mafi ƙanƙanta na sauran sassan ba. A 1965 sabuwar doka ta fara aiki, ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar ma'aikata. A ranar da ta fara aiki, kamfanin ya ƙaro jarrabawa a kan sharaɗin takardar gama sakandare da yake da shi. Alhali akwai farar fata da ba su da takardar, suna kuwa yin aikin lafiya lau. Lebura 13 suka kai ƙara, da Willie Griggs a gaba. Greenberg ya tsaya musu. A 1971 Kotun Ƙoli ta ce in jarrabawa ko takarda tana tankaɗe wasu mutane, dole mai kamfani ya nuna cewa aikin da kansa yana bukatarta.

Gaba ɗaya, sau 40 ya tsaya gaban Kotun Ƙoli.

MASU CEWA BA WURINSA BA NE

Ba kowa ya ji daɗin ganinsa a kujerar shugaba ba. Tun 1961 wasu suka ce akwai lauyoyi baƙar fata ƙwararru, don me za a ba farar fata? A 1982 maganar ta sake tashi. Jami'ar Harvard ta gayyace shi ya koyar da darasi a kan doka da launin fata, shi da wani lauya baƙar fata, Julius Chambers. Ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta ce kada a shiga ajin. Suka ce jami'ar ta ɗauki malami baƙar fata na dindindin. Wasunsu har suka ce Greenberg ya sauka daga kujerarsa. Wannan fa bayan ya yi shekara 33 cikin aikin.

To, mai karatu, ga labari ka ji. Yanzu mu koma ga tambayarmu.

MAGANA TA FARKO: BA RUWANA

Mai cewa ba ruwana yana ganin bai yi laifi ba, tun da ba shi ya yi zaluncin ba. Amma ka duba kudancin Amurka. Waɗanda suka riƙe bindiga da igiya kaɗan ne. Masu yawa su ne waɗanda ba su taɓa dukan kowa ba. Suna hawa motar, suna ganin yarinya tsaye a ƙofar gida, suna kau da kai. Shirunsu ne ya riƙe dokar nan shekara da shekaru. Azzalumi yana ƙidaya masu kallo a cikin rundunarsa.

Hausawa suna cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gaskiya ne, zaluncin da aka bari yana iya zagayowa. Amma wannan dalili bai isa ba. Gemun Greenberg ba ya cikin haɗari. Da tsoron wuta kaɗai ke sa mutum ya tashi, da duk wanda gidansa ke nesa ya yi barcinsa. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne wannan: wanda ake zalunta mutum ne, kuma ka gani, kuma kana da abin taimako a hannunka. Abu ukun nan in sun haɗu, ruwanka ne.

MAGANA TA BIYU: AI DON SHI BAYAHUDE NE

Wasu suna cewa Yahudawa sun sha wuya, shi ya sa ya ji ciwon wasu. Akwai gaskiya a ciki. Gwamnatin Hitila ta Jamus ta kashe Yahudawa wajen miliyan 6 a lokacin yaƙin da Greenberg ya yi soja. A Amurka ma akwai manyan jami'o'i da suka taɓa ƙayyade yawan Yahudawan da za su ɗauka. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A watan Yuni na 1964, a Misisipi, aka kashe samari uku masu taimakon baƙar fata su rubuta sunansu don zaɓe. James Chaney baƙar fata ne. Andrew Goodman da Michael Schwerner Yahudawa ne. A rami guda aka turbuɗe su.

Amma shan wuya ba ya koya wa kowa tausayi. Wani in ya sha wuya zuciyarsa ta yi laushi. Wani kuwa ta bushe, har ya rama a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Zaɓi ne kowa yake yi. Greenberg ya zaɓa, kuma shi ke da ladar zaɓinsa.

Wataƙila da ka ji an ce Bayahude, wani abu ya zo maka a rai, daga labaran da kake ji a rediyo ko a bakin mutane. Ka lura da wannan. Babu al'ummar da ke da fuska ɗaya. Kowace tana da mai adalci, tana da azzalumi. Wanda ya yanke wa mutum hukunci daga jin sunan ƙabilarsa ko addininsa, ya yi aiki da ma'aunin da aka hana Shirley shiga mota da shi.

MAGANA TA UKU: MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

Wannan ita ce maganar ɗaliban Harvard, kuma tana da nauyi. In an gama shari'a, Greenberg yana komawa Niyok. Wanda ya kai ƙarar kuwa a garin zai kwana, tare da waɗanda ya kai ƙara. Chambers a kudu yake zaune. An sa bam a motarsa da gidansa a 1965, an ƙone ofishinsa a 1971. Mai taimako ba ya ɗaukar irin kayan da mai abin yake ɗauka. In ya manta da haka, sai ya fara magana kamar shi ne mai ciwon. Sai mai ciwon ya koma ɗan kallo a cikin al'amarinsa.

A ganina ɗaliban sun yi daidai da suka tambayi jami'ar dalilin ƙarancin malamai baƙar fata. Kuma wanda ya ce shekara 23 a kujera ɗaya ta yi yawa, bai faɗi abin banza ba. Inda suka kauce shi ne ƙin sauraron mutum saboda launin fatarsa. Ai wannan cutar ce ake nema wa magani tun farko.

Da me za mu auna mai taimakon da ya zo daga waje? Da abu uku.

Na ɗaya, shin masu abin ne suka kira shi, ko kansa ya cusa? Marshall ne ya ɗauki Greenberg, shi ne kuma ya zaɓe shi magaji. Sarah Bulah ce ta fara rubuta wasiƙa. Griggs da abokan aikinsa ne suka fara cewa ba su yarda ba.

Na biyu, shin yana nan in an faɗi? Taimakon rana ɗaya ba wuya. Shi ya ga Groveland, ya ga jan ƙafar shekara 15, ya ji zargi daga waɗanda yake yi wa aiki. Bai yi fushi ya tafi ba.

Na uku, shin ya bar masu abin da ƙarfin tsayawa da kansu? A zamaninsa ofishin ya riƙa ɗaukar matasan lauyoyi baƙar fata, yana horar da su, yana taimakonsu su buɗe ofis a garuruwan kudu. Chambers yana cikin na farko, a 1963. A 1984 Greenberg ya sauka, Chambers ɗin nan ya hau kujerar. Shi kuwa ya koma koyarwa a Columbia. Da tsufansa ma ya bi kadin yaran Roma, wata al'umma da ake ware ƴaƴanta a makarantun gabashin Turai.

KAI FA?

Za ka ce kai ba lauya ba ne. Haka ne. Amma yanzu ka iya karatu, ka iya lissafi. A inda masu karatu ba su da yawa, wanda ya iya yana riƙe da abin da lauya yake riƙe da shi: yana ganin abin da ke cikin takarda.

Wata rana za a kawo takardar sayar da gona, a ce wa matar da mijinta ya rasu ta dangwala hannu, alhali abin da aka rubuta ba shi aka gaya mata ba. Wata rana za ka ga sikeli ya nuna lamba, an faɗa wa baƙo wata lambar. Wata rana za a ɗora wa makiyayi mai wucewa ɓarnar da ka san ba dabbobinsa suka yi ba. Ba danginka ba ne. Mai cutar kuwa wataƙila maƙwabcinka ne, ko surukinka. In ka yi magana za a ji haushinka. Ana iya daina gaishe ka a kasuwa. Wanda ka taimaka ma yana iya tafiya bai ce maka sannu ba. Ka san wannan tun yanzu.

Duk da haka ka karanta abin da aka rubuta, da ƙarfi, kada ka ƙara kada ka rage. Ka bar mai abin ya faɗi bukatarsa da bakinsa, kai ka tsaya kusa da shi. In magana ta je gaban mai gari, ka je. In an ɗaga ta sai wani mako, ka koma. In ƙura ta lafa, ka nuna masa hanyar ajin karatu, don wata rana ya karanta takardarsa da kansa.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. Me Sarah Bulah ta roƙa da farko? Me ta samu daga baya?

2. Ɗaliban Harvard sun yi daidai ko ba su yi ba? Kowa ya kawo dalilinsa.

3. Ka taɓa ganin wanda ya tsaya wa baƙo a kan gaskiya? Me ya same shi bayan nan?

4. Ka rubuta layi biyar a kan wannan: mene ne bambancin taimakon mutum da ƙwace masa magana?